Shiga hanyar karkara da ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu

Motar da nake shiga ƙauyuka da ita Suzuki Jimny ce, samfurin da aka yi ta ƙerawa daga 1998 zuwa 2018, mai injin lita 1.3 da tanki mai cin lita 40. Nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai. Yawancin zirga-zirgata a Jigawa ce, wajen Gumel da Maigatari inda yashi ya fi yawa, da kuma gefen Haɗeja inda ƙasar fadama ke komawa taɓo da zarar ruwa ya zauna. Abin da na fahimta a hanyoyin nan shi ne, irin wannan mota ba da ƙarfin inji take wucewa ba. Rashin nauyi ne jarinta. Duk abin da direba zai yi, to ya yi shi ne don ta ci gaba da tafiya a bisa ƙasa, kada ta fara tona ta.

Bari in fara da giyar ƙafa huɗu, wadda direbobinmu ke kira ogzilari, domin a nan aka fi yi wa motar illa. Tana da matsayi uku: 2H, 4H da 4L. A 2H tayoyin baya kaɗai ke ja. Idan ka sa 4H, gaba da baya sun ƙullu ke nan, dole su juya daidai da juna (haka ma a 4L, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja), alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A kan yashi ko laka ba matsala, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. A kan kwalta ko busasshen burji mai tauri kuwa babu wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a farfela, wato sandar ƙarƙashin mota da ke kai juyi zuwa tayoyi, da akwatin giya. Alamarsa, sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa ƙoƙarin tsalle a kwana, giyar kuma ta ƙi fita. Idan haka ta faru, kada ka yi kokawa da ita: miƙe sitiyari, ka yi baya kamar mita biyar zuwa goma, za ta saki da kanta. Ana iya sa 4H motar na tafiya matuƙar tayoyin gaba a miƙe suke, amma 4L sai an tsaya cik an taka kuloci. Kuma tun kafin wurin ake sawa. Wanda ya bari sai ya kafe sannan ya tuna da ogzilari, ya riga ya haƙa wa kansa rami biyu a baya.

Sai iskar taya, wadda ita ce rabin aikin. Masu faci da yawa sun saba dura wa kowace taya 40 ko sama da haka a geji, saboda motocin haya masu lodi suka fi yi wa aiki. Wannan motar 23 zuwa 26 take buƙata a kan kwalta. Da iska 40 a hanya mai gargada, sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, bayanta na wutsil-wutsil, a yashi kuma ta nutse nan take. Ni idan zan shiga yashi mai zurfi nakan rage zuwa 15, idan ya yi laushi sosai in sauko 12. Tayar takan baje, sawunta a ƙasa ya ƙara tsawo, sai nauyin ya rarrabu. Amma da wannan iskar ba na wuce kilomita 30 a awa, ba na kuma karya sitiyari da ƙarfi, domin taya na iya saɓulewa daga bakin rim. Saboda haka geji nawa na kaina da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ba sa barin motar. Kafin in hau kwalta sai na tsaya na mayar da iskar, ko da zai ci mini kwatan awa. Tayar da aka yi gudu da ita ba iska tana zafi daga ciki, gefenta ya lalace ba tare da an gani ba.

A yashi, 4H da giya ta biyu sun ishe ni yawancin lokaci; idan ya yi zurfi ko akwai hawa, 4L da giya ta uku. Abin da ake so shi ne tafiya ɗaya ba yankewa. Canza giya a tsakiyar yashi shi ke kashe tafiyar, domin daƙiƙa ɗayar da ka taka kuloci ta isa yashin ya riƙe motar. Idan zan tsaya ba na taka birki, totur nake saki ta tsaya da kanta, don birki na tara tudun yashi a gaban kowace taya. Sannan da sassafe yashi ya fi ɗaukar mota, lokacin da yake da sanyi da 'yar laima. Wurin da na wuce lafiya da ƙarfe bakwai, da azahar sai na rage iska kafin in bi shi.

Abin da ya fi wahalar da ƙaramar mota ba yashi ba ne, sawun manyan motoci ne. Tifa da tarakta da motocin ɗaukar hatsi sukan bar kwari biyu masu zurfi da doro a tsakiya. Tsakanin tayoyin motata bai kai mita ɗaya da rabi ba, nasu ya fi haka nesa, don haka ba ta zama daidai a sawun: ƙafa ɗaya a kwari, ɗaya a gefen doro, motar a karkace. Sannan tsakanin tukunyar aksul (kumburin da ke jikin ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama) da ƙasa santimita 19 ne kacal, wato bai kai kamu ɗaya na babban mutum ba. Idan kwarin ya fi haka zurfi, tukunyar za ta hau doron ta zauna, tayoyi huɗu na juyawa a banza. Dabarar ita ce ka ɗora ƙafa ɗaya a kan doron, ɗayar a kan kafaɗar hanya, ka bar kwarin a ƙarƙashinka, a 4L giya ta ɗaya, a hankali kamar mai tafiya a ƙasa. Wannan yana yiwuwa ne idan ƙasa a bushe take. Idan da santsi, motar za ta zame ta faɗa ko kana so ko ba ka so, gara ka shiga sawun tun farko idan ka auna ka ga bai yi zurfi ba. Yana da kyau mutum ya tsuguna ya ga inda tukunyar take a motarsa, domin ba lallai ta kasance a tsakiya daidai ba. Sanin haka ne zai nuna maka gefen da za ka bar wa dutse ko kututture. Kuma manyan yatsu a wajen sitiyari ake ajiye su, don idan taya ta daki gefen kwari sitiyarin kan fizge da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa.

Karkacewa ba abin wasa ba ce a motar nan. Doguwa ce a tsaye, siririya, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma gajere. Gangara ko hawa a miƙe ake fuskantarsu, ba a gicciye ba. Idan hawa ya gagara, ba a juyawa a tsakiya: taka birki, sa ribas, ka sauko a miƙe injin na riƙe da motar. Kayan nauyi kuma a ƙasa ake sa su, tsakanin kujeru, ba a kan rufi ba. Dukan abin da za ta iya ɗauka, har da mutane, bai wuce kilo 350 ba. Manya uku da buhun gero ɗaya, ka kai iyaka.

Taɓon fadama na watan Agusta wani abu ne daban. Yana cike zanen taya ta koma sulɓi, sitiyari ya daina jin magana. A nan nakan rage iska zuwa 18 ko 20, in sa 4L giya ta biyu, in riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama don gefen taya ya sami abin kamawa. Da na ji tana juyawa ba ta gaba, sai in ɗaga ƙafa nan take in gwada komawa ta sawun da na shigo. Kowace juyawar banza ƙarin aikin shebur ce. Idan ta kafe, shebur ɗin ake fara ɗaukowa a kwashe abin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin aksul, a kafa jak a kan faffaɗan katako, a ɗaga, a cusa kara ko rassa. Amfanin rashin nauyi a nan yake fitowa: mutum huɗu sun isa su tura ta. In kuwa ja za a yi, a ɗaura igiya a wurin da ke haɗe da shasi, ba a bamba ko ƙarfen sitiyari ba, kowa kuma ya matsa nesa, don igiyar da ta tsinke da ƙugiyar ƙarfe a bakinta tana kisa.

Ruwa kuwa, ba na shigarsa sai na taka shi da ƙafa da sanda a hannu. Idan ya haura tsakiyar taya, kimanin santimita 30, ko yana jan ƙafata, komawa nake yi. Ruwan rafi na damina yakan sauka cikin 'yan awoyi. Inji idan ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, sandunan fistin ne ke lanƙwashewa. Saboda haka idan ta mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da ita, a jawo ta waje a kwance fulogi tukuna. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani: aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa. Washegari a kwance murfin a duba man. Idan ya koma kalar shayi da madara, a zubar a zuba sabo, 80W-90. Bayan fita daga ruwa nakan yi 'yar tafiya ƙafata a kan birki kaɗan har ya bushe.

Taɓon da ya kwana a mota ya fi wanda aka tuƙa a ciki ɓarna. Yana toshe lagireto, yana shiga gangar birkin baya, yana cinye giris na boris ɗin da ƙafar gaba ke juyawa a kai. Idan boris ɗin nan ya ci, za ka ji sitiyari na karkarwa wajen kilomita 70 zuwa 80 a kan kwalta. Ƙananan tiyo na roba da ke kai iska zuwa cibiyar tayoyin gaba su ma a riƙa dubawa, domin idan ɗaya ya tsage, fitilar ogzilari na iya nuna alama amma ƙafar gaba ba ta ja. Da kaka kuma busasshiyar ciyawa kan naɗe a farfela kusa da salansa, ita ke haddasa gobara, don haka nakan leƙa ƙasa duk inda na tsaya. Da hunturu, matatar iska duk mako nake kakkaɓe ta.

Yawancin hanyoyin nan burtali ne da hanyar amalanke, tsakanin gonakin mutane. Kauce wa taɓo ta cikin shuka ɓarna ce, kuma da mutum ɗaya ya bi, gobe goma za su bi, hanyar ta cinye kunya biyar. Idan na haɗu da garke nakan tsaya in kashe inji har su wuce. Kafin in shiga hanyar da ban sani ba nakan tsaya wurin dattijon da na gani a bakin gona: “Salamu alaikum, Baba, barka da aiki. Hanyar nan tana ɓullewa da mota kuwa?” Sau da yawa amsar takan zo da bayanin da ba ya cikin kowace taswira, kamar a ce bayan tsamiyar can ruwa ya yanke hanya, bi ta hagu ta bakin rijiya. Nakan ƙara da tambayar ko amalanke ta wuce yau. Inda amalanke mai lodi ta bi da safe, motata na bi. Inda babur kaɗai ke wucewa, nakan sauka in je in gani da idona kafin in sa taya.