Abin da kiwon kifi a kududdufin ƙauye ya koya mini

Kududdufin ƙauye ba don kifi aka haƙa shi ba. Yawanci rami ne da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini, ruwan sama ya cika shi da damina, ya kuma riƙa janyewa idan rani ya kama. Da muka sami izinin zuba kifi a namu, ni da wasu abokan aikina, mun tarar daɗewar ruwan ita ce ke yanke mana komai, tun daga irin kifin da za a zuba har zuwa ranar kwashewa. Ramin da ba zai riƙe ruwa mai zurfin mita 1 har wata 6 ba, gara a ƙara yashe shi kafin a kashe kuɗi a kan 'ya'yan kifi.

Aikin ya fara ne tun ramin yana bushe. Mun kwashe laka da ciyawa, muka bar ƙasan ya sha rana har ya tsattsage, sannan muka barbaɗa farar ƙasa don rage tsamin ƙasar. Mun ɗaga jinga a gefen da ruwa ke kwararowa, muka sa raga mai ƙananan idanu a mashiga da mafita, domin ambaliyar dare ɗaya tana iya tafiya da kifin shekara, tana kuma shigo da kifin daji mai cinye ƙanana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ruwan kansa, kuma a ganina mai kiwon kifi a kududdufi ruwa yake kiwo kafin kifi. Idan aka zuba kashin kaji ko na shanu kaɗan-kaɗan, ruwan yakan koma kore saboda ƙananan tsirran da ido ba ya rarrabewa, waɗanda su ne abincin karfasa na asali. Awonmu hannu ne: nakan tsoma shi har gwiwar hannu, wato kusan santimita 30, idan tafin ya fara ɓacewa a nan to ruwan ya yi daidai. Idan ya ɓace tun daga wuyan hannu, takin ya yi yawa, sai a dakata. Dalili kuwa shi ne tsirran nan suna fitar da iskar shaƙa da rana, da dare kuma su da kifin suke rabon ta, shi ya sa take yin ƙaranci da asuba. Duk safiyar da na ga karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, musamman bayan yinin hadari, nakan hana abinci da taki a ranar, mu ƙara sabon ruwa idan da hali.

Tarwaɗa ta fi jure irin wannan hali, domin tana iya shaƙar iska daga sama, amma manyanta suna cin ƙananansu, don haka dole a zuba masu girma ɗaya. Ita kuwa karfasa haihuwa ce matsalarta, tana fara yi tun tana 'yar watanni, kududdufi ya cika da ƙananan da ba sa girma. Mun zuba maza zalla, biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita, muka haɗa da tarwaɗa kaɗan don ta rage 'ya'yan da aka samu duk da haka. Ranar zubawa mukan ajiye ledar da aka kawo 'ya'yan kifin a ciki a kan ruwa kamar minti 20 har zafin ruwanta da na kududdufin ya daidaita kafin a buɗe.

Abincin saye shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo, saboda haka muna haɗawa da dusa, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya kullum, kuma gwargwadon abin da za su cinye nan take, tunda ragowar ruɓewa take yi ta ɓata ruwa.

Sai dai zalɓe da guza ba su ba mu wahalar da rabon ruwa da jama'a ya ba mu ba, kuma ban ga laifin kowa ba, domin kududdufin na kowa ne tun kafin zuwanmu. Dabbobi suna sha, ana wanki, masu bulo suna ɗiba, manomi kuma yana iya wanke tankin feshinsa a bakin ruwa ba tare da sanin ragowar maganin ƙwari tana kashe kifi ba. Mun zauna da shugabannin ƙauye aka keɓe gefe guda don shayar da dabbobi, aka hana wanke kayan feshi, aka kuma yarda cewa wani kaso na kifin na gari ne. Daga ranar da aka tsayar da kason nan, masu sa ido a kan ruwan suka ƙaru, sata ta ragu.

Kwashewa mukan fara ta tun ruwa bai ja baya sosai ba, a ja koma da sanyin safiya a tsame manya, a bar na baya su sami sarari su ƙara nauyi. Kowane zubi muna rubuta yawan abincin da aka ba su da nauyin da aka kwasa, kuma da wannan littafin muke tsayar da yawan 'ya'yan kifin da za mu saya damina mai zuwa.