Godiya bayan an sallamo Baba

Alhamdulillahi, Baba ya dawo gida Samaru. Yana iya tashi zaune da kansa, yana shan kunu da hannun hagu, kuma likita ya ce na daman zai dawo a hankali in aka dage da gashi. Kun bi mu tun daren da ya yanke jiki ya faɗi, don haka ba sai na maimaita ba. Ni dai jikina ya mutu liƙis, amma Hajiya ta ce kada in sake in kwanta ban yi wa jama'a godiya ba.

Waɗanda suka ba da jini, da waɗanda suka turo kuɗi ba mu roƙa ba, da matan maƙwabta da kulolin abincinsu ba su yanke ba, da liman da jama'ar masallacin layinmu da suka sa Baba cikin addu'a, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya tsare ku da kwanan asibiti, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a. Goggo ta Tudun Wada, kin hana a ambace ki, to ki yi haƙuri, ke kika riƙe Hajiya lokacin da mu kanmu muka kasa.

Akwai mutum ɗaya da zan tsaya a kansa.

Lokacin da bakin Baba ya ƙi buɗewa, ya riƙa zagaya ɗan yatsa a kan zanen gado, yana kallonmu. Muka miƙa masa carbi, ya ture. Muka kawo ruwa, ya kau da kai, hawaye na bin gefen idonsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, mahaifina yana roƙon wani abu, ni kuwa na kasa ganewa. Auta ce ta ce, "Yaya, faya-fayansa yake tambaya." Ashe ya ji ruwan saman da aka yi ta tafkawa, kuma ya san rufin ɗakinsa yana yoyo. Abin da ba mu faɗa masa ba shi ne ruwa ya riga ya shiga akwatin faya-fayan.

Yawancin abin da ke cikin akwatin nan na Yusef Lateef ne, Ba'amurken nan mai busa saksofon da sarewa, wanda Baba ke kira Malam Yusufu. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta tun kafin ya yi suna, ya yi busa tare da Dizzy Gillespie, daga baya kuma da ƙungiyar Cannonball Adderley, dukkansu mashahuran masu busa na Amurka. Ga digirin digirgir da ya yi a fannin ilimi a 1975, duk da haka ya tattara ya zo Zariya a 1981, ya zauna Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har 1985, yana binciken sarewar Fulani. Wannan zaman shi ya kama zuciyar Baba, wai mutumin da ya zaga duniya da busa ya zo neman ilimi wajen makiyaya. Tun muna yara yake nuna mana littafin da suka rubuta tare da Ziky Kofoworola kan kaɗe-kaɗe da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987.

Na ɗauki akwatin yana ɗiga na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Kwalayen sun manne, fumfuna ta fara fitowa. Na ce masa zan shanya su a rana, ya riƙe min hannu ya ce, "Ɗana, rana lanƙwasa faifai take yi, in ya lanƙwashe kuwa shi ke nan." Ya rufe shagonsa da rana tsaka. Ɗaya bayan ɗaya ya zare su, ya wanke da ruwa mai tsabta, yana bin layin faifan da tsumma mai laushi kamar mai yi wa jariri wanka, ya jera su a tsaye a inuwa. Da ya zo kan faifan Eastern Sounds na 1961 ya ɗaga shi ya duba ta haske ya ce wannan zai yi. In Nigeria ma ya tsira, wanda Malam Yusufu ya ɗauka a Legas a 1983 da makaɗan ƙasar nan, sai dai kwalinsa ya tafi. Prayer to the East na 1957 ya samu tabo, allura tana tsalle a gefe ɗaya. Garmahon Baba kuwa bel ɗinsa ya saki, ya ciro na wani tsohon injinsa ya sa masa.

Da dare ya kira ni ya ce ya naɗe min waƙa guda ɗaya a waya, in kai wa maras lafiya. The Plum Blossom ce, ta farko a Eastern Sounds, wadda aka busa da wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin, sauti kaɗan take fitarwa, Barry Harris yana bin ta da piyano. Na kanga wa Baba wayar a kunne. Ya daina zagaya yatsan. Can ya motsa leɓe ya ce, "Yusufu." Kalmar farko ke nan da ta fito daga bakinsa tun da ya faɗi. Hajiya ta yi sujada a dandaɓen ɗakin, ni kuma na fita baranda don kada ya ga fuskata.

Na koma da kuɗi, dattijon nan ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce in sayi maganin Baba. Baba mai rediyo, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa idonka haske, ya haɗa ka da masu jin ƙanka ranar da kake buƙata, ya sa aljanna ce makomarka. Shi ma Malam Yusufu, da ya rasu a Disamba 2013 yana da shekara 93, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.

'Yan uwan da ke Kaduna da Abuja, mun san hidima ta yi yawa, mun kuma ga saƙonninku. Sai dai Baba ya yi ta duban ƙofa. Wanda ya ce min ta waya in zubar da tarkacen kiɗan Turawa in fuskanci jinya, na yafe, amma maganar ta yi min ciwo.

Mai son dubiya ya zo bayan la'asar, da safe ana yi masa gashi. Kuma duk wanda ya ari littafin nan na Baba, don Allah ya dawo da shi, yau ma ya tambaya.