Jarkar da na bari a zaure

Sati uku ke nan da gama gasar tseren motocin da muka shiga, amma har yau in na shigo zaure na ga jarkar fetur ɗin nan mai lita 20 jingine da bango sai raina ya sosu. Da hannuna na sauke ta daga but ranar da za mu tashi.

Gasar ta kwana biyu ce, masu sha'awar mota suka haɗa, motoci 14. A tashi Gombe a bi ta Alkaleri a kwana Bauchi, washegari a ɗauki hanyar Darazo, a ratsa Dukku, a zaga ta Nafada da Bajoga a dawo gida. Kwalta kaɗan muka taka, don duk inda masu shiri suka hango burji ko burtali can suke karkatar da mu. Kowace tasha da lokacin da aka yanka maka, kowane minti na makara a rubuce yake, wanda ya haura awa uku kuma an cire shi.

Peugeot 504 ta marigayi babanmu muka shiga da ita, haɗin Kaduna. Samari masu Hilux suka yi ta mana dariya, na ce su je su tambaya wace mota ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Ba ta ba ni kunya ba kuwa. Ranar farko mun tsallake gadar Dindima lafiya, muka kwana muna na uku.

Jarka biyu ƙanina ya cika, shi ne mai riƙe takardar hanya da agogo. Na ce ɗaya ta isa, nauyi zai zaunar da bayan mota a yashi. Ya ce, "Yaya, nauyinta bai kai na buhun siminti ba ko kusa." Na ce ni ke riƙe da sitiyari. Gaskiyar da ban faɗa masa ba, rowa ce: tun da aka cire tallafi a 2023 nake kallon fetur kamar turare, na ƙudurta in mun dawo da wannan jarkar zan yi zirga-zirgar sati.

Lissafina na kwalta ne. A yashi kuwa giya ta biyu kake tafe, inji na ihu, mai na tafiya kamar an huda tanki. Kafin Dukku mun juye jarka ɗayar, bayan Dukku allura ta kwanta. A wani ƙauye muka ga yaro ɗan bumburutu da galan-galan a kan benci, na sayi uku. Ƙanina ya ciro ƙyalle zai shimfiɗa a bakin mazurari, ya kuma ce a ɗaga galan a rana a duba gindinsa. Na daka masa tsawa na ce minti nawa gare mu. Minti biyu nake ƙyashi.

Ba mu yi kilomita biyar ba mota ta fara tari, ta fizga, ta mutu. Ruwa ne a man. Ban ɗora wa yaron laifi ba, ƙila durom ɗin da aka ɗebo masa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa, ya wuce kai tsaye cikin kafireta, wadda ke haɗa mai da iska ta ba inji. Muka kwance ta a kan dardumar salla, hazo na zuba mana ƙura, muka tsiyaye tankin a roba, na busa tiyo da baki har na haɗiyi abin da na haɗiya. Sai da muka yi haka sau biyu, don karon farko garaje ya sa ban tsiyaye duka ba. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya tsaya yana kallonmu, ya ce sannunku, ya miƙo mana goran ruwa. Motoci takwas na ƙirga suna wuce mu, kowa da hon ɗinsa.

Duk tsawon aikin ƙanina bai ce uffan ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Mun isa tashar Nafada da makarar awa biyu da minti 47. Saura minti 13 a cire mu. Daga nan motar ba ta ƙara tari ba har Gombe, muka ƙare na tara cikin 11 da suka kai ƙarshe.

Wanda zai shiga irin wannan, ya auna shan man motarsa a yashi da kaya a ciki, ba a titin Bauchi ba, sannan ya ƙara rabi a kan abin da ya samu. Matatar mai ta safaya da ƙyalle mai tsabta su zauna kusa da hannu. In dole ta sa ka sayi na bakin hanya, juye shi a gora mai haske ka bar shi ya natsu, ruwan zai nuna kansa a ƙasa.

Jiya Hajiyarmu ta tambaya ko za a ɗauke jarkar daga zaure, tana tare hanya. Ƙanina ya ce, "A bar ta, Hajiya, kofin Yaya ne."