Talata, na raka Goggo Lida

Yau hutuna ne, kuma da niyyar wanki na kwana. Kayan na nan a kwando har yanzu.

Hanifa ta tafi makaranta tana kumbure-kumbure don na hana ta fita ba hula. Sanyin Berlin na watan Nuwamba ba ya jin lallashi, ita kuma gashinta take so a gani. Abbanta tun da duhu ya fice. Ina cikin surfa waken alala aka danna ƙararrawa, na buɗe na ga Goggo Lida, tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta sama, ta ci ado kamar mai zuwa kamun amarya: jan baki, kwat mai gashi a wuya, da baƙar jakar nan da ba ta fito da ita sai za ta ofishin hukuma. Saura awa biyu lokacin ganin likitan damuwa ya yi, amma ta shirya.

'Yarta Olga ta sha fama kafin ta samo mata gurbin nan. A Jamus ko Bajamushe haifaffen gari watanni yake yi yana jiran likitan damuwa idan da inshorar lafiya ta gwamnati zai je, balle a ce sai wanda yake jin Rashanci. Inshorar kuma ba ta biyan tafinta. Jamusancin Goggo ya isa cefane da faɗa da maƙwabta, bai isa kuka ba. Zaɓi biyu ya rage: a samu mai Rashanci, ko Olga ta shiga ta yi fassara. To ta yaya uwa za ta kai ƙarar 'yarta, 'yar ce kuma tafinta?

A tiram ba ta ce uffan ba har muka wuce tasha uku. Can ta matso kusa da kunnena, ta ce, "'Yar nan, ke ma'aikaciyar asibiti ce, faɗa mini gaskiya. Za su sa ni a rajista?"

Na ce, "Wace rajista, Goggo?"

"Ta masu taɓin hankali."

Dariya ta zo mini, na haɗiye ta, don ba shirme take yi ba. A Tarayyar Sobiyet idan sunanka ya shiga littafin asibitin ƙwaƙwalwa na unguwarku, ya shiga ke nan. Lasisin tuƙi ya zama wahala, wasu ayyukan sun haramta gare ka, maƙwabta kuma sai sun ji. Ga waɗanda aka kulle a asibitin mahaukata don kawai sun soki gwamnati, abin da ya yi ƙamari har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Sobiyet ta fice daga ta duniya a 1983 kafin a kore ta. Wanda ya girma a cikin wannan, ba da takardar talla mai hoton furanni za ka shawo kansa ba. Na ce mata babu rajista, babu allura, matar nan ko ƙwaya ba ta rubutawa, zance kawai za su yi na minti 50, kuma doka ta hana ta faɗa wa kowa, har Olga.

Ta ce, "Zance? Zance ai a kicin ake yin sa, da shayi."

Na ce, "To da wa kike yi a kicin ɗin naki?"

Ta juya ta kalli taga.

Zaman jira dai zaman jira ne. Kujeru huɗu, tulun ruwa, mujallu tsofaffi. Wani saurayi ya shigo yana waya da harshen Yukren, ya gan ni da ɗankwali bai sassauta murya ba, bai san ina tsintar rabin abin da yake faɗa ba. Karatun da na yi a Kharkiv ta Yukren ne ya bar mini wannan kunnen.

Da ta fito jan bakin ya goge. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Muka biya Mix Markt, kantin kayan abincin Rasha, ta sayi 'ya'yan sunfulawa da biskit ɗin nan mai citta, ta yi wa mai kanti ƙorafin tsadar kifi, na ce to alhamdulillahi, Goggo na nan da ranta. Sai da muka hau sama, ta dafa shayi, ta turo mini kwalbar jam ɗin ceri da cokali, sannan bakin ya buɗe.

"Kin san tambayar da na fara yi mata? 'Yar ina ce."

Ashe 'yar Almati ce, ko Alma-Ata yadda Goggo take kiran garin har gobe, a Kazakistan, ƙasar da ita ma Goggo ta fito. Ta ce nan take ta ji kafaɗunta sun sauka. Da 'yar Mosko ce da sai ta auna kowace kalma, da 'yar Kyiv ce ma haka. Mutanen nan a takarda sunansu ɗaya, masu magana da Rashanci, amma tun da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar su duka. Ina ganin haka a wurin aiki. Akwai majinyacin da zan gaishe shi da Rashanci ya amsa da murna, akwai wanda zai ce don Allah mu lallaɓa da Jamusanci ko Turanci, kuma ban ga laifinsa ba. Likitar ta yi mata tayin shiga rukunin mata masu haɗuwa su tattauna, Goggo ta ce sai ta ji su wane ne a ciki tukuna.

"Amma ba wannan ba ne," in ji ta. "Da na shiga, miƙewa ta yi ta ce, Lidiya Genrikhovna, bismillah ki zauna."

Bismillar tawa ce, amma kun gane. Ta kira ta da sunanta haɗe da na mahaifinta, yadda ake girmama babba a can. Haka ɗalibanta suka kira ta shekara da shekaru tana koyar da lissafi a garin Karaganda na Kazakistan. Da suka sauka Friedland, sansanin karɓar baƙi na Jamus, a 1994, shekarar da irinsu sama da dubu 200 suka shigo Jamus, an ba su takardu sababbi. Sunan uba ya fita daga takarda. Mijinta ya shiga Vladimir ya fito Waldemar. Takardar shaidar malantarta ba a karɓe ta ba, ta koma gogen ofisoshi da asuba. Ta ce tun daga lokacin babu wanda ke zaune bayan tebur da ya sake ambatar sunan babanta sai yau, kuma minti goma na farko ba ta iya cewa komai ba, tishu kawai take ja.

Daga nan ta ɓalle da labarin da na san gutsattsarinsa amma ban taɓa jin sa a jere ba. Kakannin kakanninta Jamusawa ne da Sarauniya Katarina ta gayyato a 1763, suka yi ƙauyuka a bakin kogin Volga, suka riƙe harshensu da cocinsu, har jamhuriya mai cin gashin kanta aka ba su a 1924. Hitler ya afka wa Sobiyet a Yunin 1941, ranar 28 ga Agusta doka ta fito, aka loda su a taragon kaya zuwa Siberiya da Kazakistan bisa zargin za su taimaki abokan gaba. Babanta kwal ya haƙa a rundunar ƙwadago. Ita an haife ta a 1951, lokacin da iyayenta ba su da ikon barin gari sai da izinin kwamanda, dokar da ba a ɗage ba sai ƙarshen 1955. Uwarta Jamusanci take yi mata a ɗaka, a waje kuma ta ƙwaɓe bakinta in ta yi. Yara a makaranta 'yar fasist suke ce mata.

"Shekara 43 ina Bajamushiya a can. Na zo nan, ranar farko na zama Barashiya."

Kowa a unguwar Marzahn ta nan Berlin ya san wannan maganar, har ta zama karin magana a tsakaninsu. Amma yau ta ƙara mata jela. Ta ce wancan ciwon ta saba da shi, ta iya kwana da shi. Wanda ya hana ta barci na cikin gida ne. Ɗanta Sasha tashoshin Mosko yake kallo dare da rana, Olga kuwa ta sauke wata mata da 'ya'yanta biyu daga Yukren a falonta wata da watanni. Ba sa gaisawa. Ranar haihuwarta sau biyu take dafa abinci, ɗaya da rana ɗaya da yamma, don kada su haɗu a matakala. Jikokin kuma Rashancinsu bai wuce sunayen abinci ba.

Na ce, "To me likitar ta ce?"

"Ba ta ce komai ba! Tambaya kawai. Wai da na dafa sau biyu, ni a wane zama nake cin nawa?" Ta yi tsaki. "A tsaye nake ci, a bakin murhu. Ban taɓa lura ba."

A ganina tambayar nan ta biya kuɗin inshorar. Ba wanda zai sasanta Sasha da Olga a minti 50, ba kuma wanda zai mayar mata da Volga. Amma a samu wanda ya san mene ne kwamanda, wanda ba sai an yi masa darasin tarihi kafin a kai ga ciwon ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Ina tattara kofuna ta riƙe mini hannu. "Ke fa 'yar nan, wa kike gaya wa?"

Na ce ina da Allah, ina da mijina.

Ta ce, "Addu'a daban, bakin da zai amsa miki daban. Miji kuma ni ma na yi."

Na yi dariya na sauko. Tun a matakala dariyar ta ƙare.

Ni ce mai tura mutane. Na san lambar da ake bugawa, na san takardar da ake cikewa, na iya yi wa tsohuwa bayani har ta yarda. Amma da za a ce ni in zauna a kujerar nan, da wane harshe zan fara? Jamusanci na aiki ne, Rashanci na makaranta, Turanci na takarda. Wanda nake jin ciwo da shi, in na yi magana da shi, amsar da na sani ita ce a yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar, wasu ma nema suke su fita ba su samu ba. Duk gaskiya ne. Hanifa ta dawo na tambaye ta da Hausa ta ci abincinta, ta amsa da Jamusanci ba tare da ta ɗago ba. Kullum haka take yi, yau ne ya tsaya mini a wuya.

Alalar ta yi ruwa. An dai ci.

Bayan isha'i na kira Yaya na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, wai tsohuwa ta rasa abin yi sai zuwa wurin baƙuwa ta tona asirin gidanta, a turo ta Kano ta zauna a tsakar gidanmu kwana uku ta warke. Sai ta ce, "Ke dai lafiya kike ko? Na ji muryarki wani iri."

Na ce lafiya lau, sanyi ne.

Ta ce madalla, ta shiga zancen kuɗin makarantar Sadiƙu.

Goggo za ta koma Talata mai zuwa, ta ce ita kaɗai za ta je, ta gane hanya. Gobe aikin safe gare ni, yunifom ɗina kuma yana cikin kwandon nan.