Laraba: lokacin def daban, lokacin kira daban

Yau duba kod ɗin Python ne aikin tun safe, kuma kurakuran da suka fito duk jijiyarsu ɗaya: ba a bambance abin da Python ke yi sa'ad da ta karanta layin def (kalmar da ake ƙirƙirar fankshin da ita) da abin da take bari sai an kira fankshin ɗin.

Na farko tsohon tarko ne:

def kara(abu, jeri=[]):
    jeri.append(abu)
    return jeri

Aka kira kara(1), ta dawo da [1]. Aka kira kara(2), sai ga [1, 2]. Wannan jerin, wato [] ɗin da ke jeri=[], sau ɗaya tak ake gina shi, a lokacin def, sannan a ajiye shi jikin fankshin ɗin. Mai shakka ya leƙa kara.__defaults__ zai gan shi yana ƙaruwa. Gyaran shi ne a sa jeri=None, a ciki kuma a rubuta if jeri is None: jeri = []. A kula, if not jeri ba ya maye gurbinsa. Idan mai kira ya miƙo nasa jerin da babu komai ciki, za a yar da shi a ƙirƙiri sabo, shi kuma yana can yana jiran nasa ya cika. Haka abin yake da datetime.now() idan aka sa shi a wannan gurbi: agogon zai tsaya cak a daƙiƙar da aka loda fayil ɗin.

Na biyu kishiyarsa ne, kuma ya fi cin rai:

ayyuka = [lambda: i for i in range(3)]

Lambda ƙaramin fankshin ne marar suna. Ana sa ran guda ukun nan su ba da 0, 1, 2 idan an kira su, amma dukkansu 2 suke bayarwa. Lambda ba ta kwafi ƙimar i ba, sunan i ɗin ta riƙe, ba za ta duba abin da ke cikinsa ba sai an kira ta, lokacin kuwa zagayen ya riga ya ƙare a kan 2. Masu JavaScript sun sha wannan da var, har let ta zo a 2015 tana ba kowane zagaye nasa. A Python, dabarar da aka saba ita ce lambda i=i: i, wato ɗabi'ar nan da ta ɓata kara ita ce aka juya ta zama magani. Ni dai na fi son functools.partial, mai ɗaure ƙimar jikin fankshin tun kafin a kira shi. Da i=i an bar ƙofa a buɗe: duk wanda ya miƙo wani abu wajen kira, misali maɓallin da ke aiko da True ko False idan an latsa shi, ya shafe ƙimar ke nan ba tare da wani gargaɗi ba.

Bayan azahar sai dekoreta, wato fankshin da ke naɗe wani fankshin don ƙara masa aiki; misalin a nan auna ce, mai auna lokacin da kira ke ɗauka. Rubuta @auna a saman def lissafa daidai yake da lissafa = auna(lissafa), kuma alamar @ ta shigo ne a Python 2.4, shekarar 2004. Jikin auna sau ɗaya yake gudana, a lokacin def. Fankshin na ciki da ta dawo da shi ne ke gudana a kowane kira. Saboda haka time.perf_counter() na farawa wajibi ne ya zauna a na ciki, in ba haka ba tun daga loda fayil za a riƙa ƙirgawa. Na cikin ya karɓi *args da **kwargs, ya kuma yi return da sakamako, domin mantuwa da wannan layi ɗaya na mayar da komai None. A ɗora masa @functools.wraps, don kada __name__ da bayanin fankshin na asali su ɓace. Idan dekoreta biyu ne a jere, na ƙasa ake fara naɗawa.

Na rufe da lru_cache, dekoreta mai ajiye sakamakon kira don kada a maimaita lissafi. Fibonacci mai kiran kansa, ba tare da ajiya ba, yana yin kira 2,692,537 kafin ya fitar da fib(30). Da ajiya, lissafi 31 ne kawai. Sai dai yana da sharuɗɗa. Sakamako 128 yake riƙewa idan ba a canza maxsize ba. Ba ya karɓar list, zai jefo TypeError, sai a mayar da shi tuple. Idan aka ɗora shi kan fankshin na cikin aji, yana riƙe self, wato abin da aka gina daga ajin, abin kuma ba zai bar ma'adanar kwamfuta ba muddin yana cikin ajiyar. Wanda ya fi ɓuya kuwa shi ne fankshin mai dawo da list: kowane mai kira jeri guda ake ba shi, ɗaya ya yi append, na gaba ya karɓi gurɓatacce. A nan ma tuple za a dawo da shi, ko mai kira ya yi list(sakamako) kafin ya taɓa komai.