Godiya bayan aikin da aka yi wa autana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Yagwa ta Kamaru da na nesa. Jiya Laraba aka cire wa autana zaren ɗinki, yau kuma da ƙafarsa ya tafi makarantar allo. Alhamdu lillahi. Tun muna asibiti nake son yin wannan godiya, sai yanzu hankalina ya kwanta.

Da yawanku guntu-guntu kuka ji labarin. Wani ƙullutu ne ya fito masa a cinya, bai wuce ƙwallon dabino ba, yana ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi zogi. Muka ɗauka maruru ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ba ya zama wuri ɗaya: inda na shafa masa magani wannan watan, wata mai zuwa sai in tarar ya gusa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce kurkunu. Mu kuwa mutanen bakin kogin Logon ba ma wasa da zancen kurkunu, tun da har yanzu ana samunsa a jikin karnuka a yankin Gere na nan Kamaru da ƙetaren kogi a Cadi.

Godiyata ta farko ga ma'aikacin lafiyar da ya zo har gida a kan babur, ranar da aka kira shi. Ya duba ya ce kurkunu bororo yake yi ya fashe, sannan tsutsar ta leƙo, wannan kuwa wani abu ne daban. Bai yi mana kame-kame ba, ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan fiɗa.

Likita, Allah ya saka maka da alheri. Bayan aiki ya kira ni ya nuna mini abin a cikin kwalba: tsutsa fara sol, shimfiɗaɗɗiya, ta fi yatsana tsawo. Ƙafafuna suka yi sanyi. Ya zaunar da ni ya ce ɗiyar wata irin tsila ce da ake kira Spirometra. Uwar a hanjin kare ko kyanwa take zama, ƙwanta ya bi kashi ya shiga ruwa. Can wasu ƙananan ƙwarin ruwa, da ƙyar ido ke ganinsu, su haɗiye abin da ya ƙyanƙyashe. Talibamban ya haɗiye ƙwarin, ya girma ya zama kwaɗo da tsutsar a cikin namansa, tana jiran kare ko kyanwa su cinye shi. In ta faɗa jikin mutum ba ta zama babbar tsila, sai ta yi ta yawo a ƙarƙashin fata, wata ma har ido ko ƙwaƙwalwa take kaiwa. Ya ce ƙwayar magani ba ta cika yi mata komai ba, fiɗa ce maganinta, kuma dole a fitar da ita har kanta.

Da aka ji an ambaci kwaɗo, sai magana ta zaga unguwa wai yaron ɗanyen kwaɗo ya ci a wurin wasa. Wannan ta yi mini ciwo fiye da kwanan asibiti, don har kuka ya yi yana rantsuwa. Na koma na tambayi likita, ya ce ba sai an ci kwaɗo ba, shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙwarin nan kaɗai ya isa. Nan take na tuna ambaliyar 2024, lokacin da ruwa ya shafe rijiyarmu, foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma ya yi mana nisa, muka yi makonni muna ɗibar na kududdufi. Ni da hannuna na ba shi ya sha. Yanzu duk ruwan da ba na famfo ba sai na tace shi da kyalle mai ƙananan ido, na yara kuma in tafasa. Don Allah iyaye mata, ku ma ku yi.

Yaya, kin bar shagonki kwana 6 kina kwana a tabarma kusa da gadonsa, ban san da bakin da zan gode miki ba. Kawu na Marwa da ya turo kuɗin aiki tun ba a tambaye shi ba, Allah ya ƙara buɗi. Matan adashinmu da suka ba ni kwasa alhali ba layina ba ne, abokan Baban yara na kasuwar shinkafa, Malam da almajiransa da suka yi sauka, da maƙwabciyata Bamasa da ta riƙe mini sauran yaran kamar nata, Allah ya bar zumunci, ya raba ku da ganin irin wannan a kan 'ya'yanku.

Kwanonin da aka riƙa kawo mana abinci suna nan na wanke, guda 4 ban gane masu su ba. A aiko yara su duba.