Ɗora murya a kaset ɗin MiniDV: inda na kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon aiki da tsofaffin kyamarori. A wannan makon na samu yin abin da na daɗe ina buri, wato ɗora sabuwar murya a kan hoton da aka riga aka ɗauka, a cikin kyamarar kanta, babu kwamfuta. Tawa Sony ce ta hannu, mai cin kaset ɗin MiniDV, tsarin da ya fito a 1995.

Kawuna na ɗauka yana ƙirar fartanya a maƙerarsa. Ƙarar guduma a kan uwar maƙera da hucin zugazugi sun fito tsaf, amma sun danne bayanin da yake yi. Sai na roƙe shi ya zo gida bayan isha'i, ya kalli aikin nasa a talabijin, ya sake bayanin a natse.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun kafin a fara ɗauka ake tanadar wa muryar wuri. A menu akwai zaɓi biyu na sauti. Idan kuka zaɓi 16-bit, sautin yana fita da kyau ƙwarai, a 48 kHz, amma ya cinye gurbin sauti gaba ɗaya. Idan kuma 12-bit ne, a 32 kHz, gurbin yana rabuwa gida biyu: sautin wurin ya shiga ST1, ST2 ya zauna fanko yana jiran abin da za a ɗora daga baya. Shi ya sa muryar Kawu ba ta goge ƙarar gudumarsa ba, kowa da ɗakinsa. Dole kuma a ɗauka a SP, wato saurin zare na yau da kullum. Na san LP, mai jan zaren a hankali, tana da daɗi, kaset ɗin minti 60 ya koma 90, to amma layukan da take rubutawa a zaren sun yi siriri, kyamarar ba za ta yarda ta ɗora komai a kansu ba.

A ganina 12-bit ta wadatar da magana. In kalangu ko goge za ku ɗauka, ku tsaya a 16-bit ku haƙura da ɗorin.

Aikin kansa ba wuya. Na duba ɗan makullin bayan kaset yana kan REC, wato a buɗe don ɗauka, na juya kyamara zuwa VCR, ɓangaren kallon kaset, na kunna har inda Kawu ya zaro jan ƙarfe daga wuta, na tsayar. Na danna AUDIO DUB a rimot, alama ta fito a allo, na saki tsayarwar, ya fara magana. In za ku sayi irin wannan kyamara a kasuwa, ku nace a haɗo muku da rimot ɗinta, domin wasu a can kaɗai maɓallin yake.

Makirufo ne ya fi cin lokacina. Na jikin kyamara yana kwaso zurrr ɗin injin da ke jan zare, a maƙera ba a jin sa, amma a ɗaki da daddare ya fito fili. Na jona na waje, na maƙala a wuyan rigar Kawu, tazarar kamu ɗaya daga bakinsa. Muka kashe fanka, muka rage muryar talabijin gaba ɗaya don kada ta yi kuwwa, na sa abin sauraro a kunne. Da ya ga kansa yana lanƙwasa bakin fartanyar sai ya manta da makirufo, ya shiga faɗin yadda launin ƙarfe ke nuna masa lokacin duka. Wannan wurin ne ya fi min komai a kaset ɗin.

Bayan kun gama, kada gabanku ya faɗi in kun kunna ba ku ji sabuwar muryar ba. Ku shiga AUDIO MIX ku matsar da ma'aunin daga ST1 zuwa wajen ST2. Ni na bar shi ya ɗan rinjaya wajen murya, guduma tana tashi a ƙasa-ƙasa. Ku kuma lura, ba a ɗora murya a inda zaren yake fanko, don haka kada ku bar giɓi tsakanin ɗauka da ɗauka.

Masu kaset ɗin Video8 da Hi8, wannan dabarar ba ta yawancin kyamarorinku ba ce, domin sautinsu a cakuɗe yake da hoto a layi ɗaya. Masu VHS kuwa, in na'urarku tana da maɓallin, za ku iya ɗorawa a siririn layin gefen zare, sai dai yana goge sautin da ke kan layin.

Saura kwashewa zuwa kwamfuta. Manhajoji da yawa ST1 kaɗai suke ɗauka ta wayar FireWire mai haɗa kyamara da kwamfuta, su bar ST2 a baya. Mako mai zuwa zan gwada fitar da sautin da aka haɗa ta wayar AV da ake jonawa a talabijin, fara da ja, sannan in daidaita shi da hoton. Wanda ya riga ni yin haka, don Allah ya faɗa min yadda ya sa bugun guduma ya faɗa daidai da saukarta.